Yadda ake haɗa na'urar gano hayaƙi mai aiki da haske, da yadda ake gyara ta idan ta ƙi

Na'urar gano hayaƙi mai aiki da haske ba ta jin wari, ba ta kuma jin zafi. Ɗan akwati ne mai duhu, a cikinsa akwai fitila a gefe guda da ido a ɗaya gefen, an ajiye su yadda idon ba zai hangi fitilar ba. Muddin iska tana da tsabta, hasken zai wuce ta gaban idon ya mutu a jikin bango. Da zarar hayaƙi ya shigo, ƙananan ɓurɓushinsa za su watsa hasken ta ko'ina, wani kaso ya faɗa kan idon. Duk wanda ya taɓa ganin hasken rana ya ratso ta kafar taga ya bayyana ƙurar da ke yawo a ɗaki, ya riga ya ga yadda abin ke aiki.

Akwai wata irin kuma mai ɗan ƙwayar sinadarin americium-241 a ciki. Ita ta fi saurin jin wuta mai harshe, ita kuwa mai haske ta fi saurin jin wutar da ke ci a hankali ba harshe, irin ta katifa ko wayar da ta yi zafi a cikin bango. Idan ka tsinci tsohuwar na'ura mai alamar tururin nukiliya a bayanta, kada ka farke ta don neman kaya. Ba ita muke haɗawa ba.

Tun daga farko ya kamata a fahimci juna: abin da za ka haɗa na koyo ne. Na'urorin da ake sayarwa don kare rai sun bi gwaje-gwajen ƙa'idoji irin su UL 217 a Amurka da EN 14604 a Turai, an ƙona abubuwa iri-iri a gabansu, an auna ƙararsu ta kai desibel 85 a nisan mita 3. Taka ba ta bi ta nan ba. Ka ajiye ta kusa da mai lasisi ka kwatanta su, amma kada ka cire waccan ka rataya wannan. Kuma ba ta jin iskar carbon monoxide ko kaɗan, domin iskar ba ta da ɓurɓushin da zai watsa haske.

Kayan da za a tanada

Fitilar LED ta infared (hasken da idon mutum ba ya gani) mai tsawon zango 940 nm, kamar TSAL6100, wadda haskenta ke fita a tsuke. Fotodayod, wato idon; BPW34 ya fi samuwa, amma SFH 203 FA ya fi daɗin aiki, domin zagaye yake kamar LED mai milimita 5, kuma baƙar robar jikinsa tana tace hasken da ido ke gani. Amfilifaya MCP6002. Taransista BC337 guda biyu. Arduino Uno ko Nano, wato ƙaramin allon kwamfuta da ake ɗora wa shiri. Ƙaramar jiniya mai 5 V, irin wadda ke kuka da kanta da zarar an ba ta wuta. Rizistoci: 39 Ω, 1 kΩ biyu, 10 kΩ biyu, 100 kΩ, 220 kΩ, da 4.7 MΩ. Kafasitoci: 10 pF, 100 nF, 1 µF, 10 µF, da 220 µF. Dayod 1N4148. Sai mita, allon gwaji, dalma da abin narka ta, baƙin fenti marar sheƙi, da gwangwanin roba ko murfin bututu mai faɗin santimita 5 zuwa 6.

Mutane da yawa za su so su saka LM358 a madadin MCP6002, tunda ƙafafunsu ɗaya ne kuma yana ko'ina. Zai yi aiki, amma da ɗingishi. Ƙafafun shigarsa suna zubar da kusan nA 45 (nA kaso ɗaya ne cikin biliyan na amfiya), wanda idan ya bi ta rizista 4.7 MΩ zai gusar da awonka da kusan 0.2 V, kuma fitarsa ba ta wuce kusan 3.5 V idan an ba shi 5 V. Na MCP6002 bai wuce pA 1 (kaso ɗaya cikin dubu na nA) ba a yanayi na yau da kullum, fitarsa kuma tana kaiwa kusan ƙarshen sama da ƙasa. Tunda wutar da muke farauta ita ma a ma'aunin nA take, bambancin ba ƙarami ba ne.

Akwatin duhu

A nan gizo ke saƙar. Wayarin ba zai ɗauke ka fiye da yamma ɗaya ba, amma akwatin ne zai yanke hukuncin ko na'urar za ta yi aiki, kuma mafi yawan abin da ake ɗora wa taransista da amfilifaya laifinsa, daga nan yake fitowa.

Akwatin yana da buƙatu biyu da ke karo da juna: iska ta shiga cikin sauƙi, haske kuma kada ya shiga. Ka fara da ɗora murfin a kan takarda ka zana da'irarsa, ka sa ɗigo a tsakiya. Ka ja layi daga gefe zuwa ɗigon, nan fitila za ta zauna. Ka ja layi na biyu daga ɗigon zuwa gefe, ya zama akwai digiri kusan 135 tsakanin layukan biyu, nan ido zai zauna. Dalilin wannan kusurwa shi ne hayaƙi ya fi watsa haske zuwa gaba-gaba fiye da gefe ko baya. Idan ka ajiye su a digiri 90, za ka sami akwati mai saukin duhuntawa amma alama mai rauni. Idan ka kusanto digiri 180, idon zai fara hango fitilar kai tsaye, komai ya lalace. Tsakanin 120 da 135 ne wurin da ya fi dacewa a fara.

Kowanne daga cikinsu ka zura shi cikin ɗan bututu baƙi mai tsawon santimita 1.5 zuwa 2, ya zama kan fitilar da na idon sun shige ciki, ba su leƙo waje ba. Bututun ne ke tsuke hasken fitilar ya kuma tsuke abin da idon ke gani, sai wurin da layukan biyu suka gicciye ya zama shi kaɗai ne filin awo. Tsakanin bakunan bututan biyu ka kafa ɗan shinge siriri mai kaifin baki, ya tare duk wata hanyar da haske zai bi kai tsaye. Ka gwada da idonka: ka cire fotodayod ɗin ka leƙa ta ramin. Idan kana hango bakin bututun fitilar, ko da ɗan gefensa ne, shingen bai isa ba.

Bangon da fitilar ke kallo, da bangon da idon ke kallo, su ma suna da aiki. Bango mai santsi yana mayar da haske ko da baƙi ne wuluk. Ka manna wasu 'yan fika-fikai a tsaye masu siffar haƙoran zarto, yadda hasken da ya faɗa tsakaninsu zai yi ta bugun bango har ya ƙare. Sannan a fente komai da baƙin fenti marar sheƙi, har da murfi da ƙasa.

Wani abin da ke yaudarar mutane: baƙi a idon mutum ba lallai ne ya zama baƙi a wurin infared ba. Robobi baƙaƙe da yawa, da tawadar wasu alƙaluma, suna barin 940 nm ya ratsa su kamar babu komai. Kafin ka dogara da roba ko tef, ka kunna fitilar ka sa shi a tsakani, ka duba ko idon yana jin wani abu. Abin da aka baƙanta da garin gawayi shi ne ke tarewa da gaske. Idan kana shakka, ka naɗe waje da takardar alminiyom, ita ba ta da wannan matsala, kuma za ta yi maka wani amfanin nan gaba.

Kafofin iska a yi su a kewayen gefe, kowace da shinge a bayanta yadda iska za ta lanƙwasa sau biyu kafin ta kai tsakiya. A rufe su da raga mai ƙananan idanu saboda ƙwari. Gizo-gizo ɗaya a filin awo ya fi hayaƙin ɗaki guda watsa haske.

Wayarin ɓangaren fitila

Ƙafar Arduino ba a so ta ba da fiye da 20 mA, mu kuwa muna son kusan sau huɗu na haka, don haka taransista ce za ta ɗauki nauyin. Daga 5 V zuwa rizista 39 Ω, daga nan zuwa doguwar ƙafar LED, gajeriyar ƙafar zuwa kolekta ta BC337, emita zuwa layin ƙasa, wato GND, negetif ɗin wuta. Bes kuma ta bi ta rizista 1 kΩ zuwa ƙafa ta 8 a Arduino. Lissafin: fitilar tana cin kusan 1.35 V, taransistar kusan 0.2 V, saura 3.45 V a kan 39 Ω, wato kusan 88 mA. TSAL6100 tana jure 100 mA, kuma mu walƙiya kawai za mu riƙa yi da ita.

Kafasita 220 µF ta zauna dab da wannan ɓangare, tsakanin 5 V da ƙasa. Ita za ta ba da wutar walƙiyar, don kada layin 5 V ya riƙa nutsewa duk lokacin da fitila ta kama.

Wayarin ɓangaren ido

Ka fara gano ƙafafun fotodayod da mita, kada ka dogara da tsawon ƙafa ko alamar jiki. Ka sa mitar a ma'aunin mV, ka haska idon da tocila. Idan mitar ta nuna lamba mai kyau, kamar 300 zuwa 400 mV ba tare da alamar ragi ba, ƙafar da jar waya ke taɓawa ita ce anod, ɗayar katod.

A MCP6002, ƙafa ta 8 tana zuwa 5 V, ta 4 zuwa ƙasa, da kafasita 100 nF tsakaninsu dab da jikinsa. Ƙafa ta 3 tana buƙatar ɗan matashi: rizista 100 kΩ daga 5 V zuwa gare ta, 10 kΩ daga gare ta zuwa ƙasa, da kafasita 10 µF a kan ta 10 kΩ ɗin. Wannan zai ba da kusan 0.45 V, don fitar amfilifayar ta ɗan ɗaga daga ƙasa inda ba ta iya aiki da kyau. Katod ɗin ido zuwa ƙafa ta 2, anod zuwa ƙasa. Tsakanin ƙafa ta 1 da ta 2 a saka rizista 4.7 MΩ tare da kafasita 10 pF a jere gefe da gefe. Wannan mataki na farko yana mayar da wutar da idon ke fitarwa zuwa bolt: kowane nA ɗaya ya zama 4.7 mV. Ƙaramar kafasitar nan kada a raina ta, ita ke hana amfilifayar rawa da kanta.

Mataki na biyu: ƙafa ta 1 kai tsaye zuwa ta 5. Rizista 220 kΩ tsakanin ta 7 da ta 6. Daga ta 6, rizista 10 kΩ, sannan kafasita 1 µF, sannan ƙasa. Ƙafa ta 7 zuwa A0 a Arduino. Wannan mataki yana ninka alama sau 23, amma saboda kafasitar 1 µF ɗin, abin da ke canzawa da sauri kaɗai yake ninkawa. Haske mai tsayawa wuri ɗaya, irin wanda ya sulalo daga waje, ba a ninka shi. Walƙiyar fitilarmu kuwa ana ninka ta. Idan aka haɗa matakan biyu, nA ɗaya zai zama kusan 0.1 V, wato kusan lamba 22 a ma'aunin Arduino da ke ƙirga daga 0 zuwa 1023.

Wayar da ke tsakanin katod da ƙafa ta 2 ita ce mafi laushi a duk haɗin. Ta zama gajeriya iya yadda za a iya, santimita biyu ko uku. Ya fi kyau amfilifayar ta je wurin akwatin da a jawo doguwar waya daga akwatin zuwa amfilifaya.

Jiniya kada a haɗa ta yanzu. Mutumin da ya haɗa jiniya tun farko amsa biyu kawai yake samu, ta yi kuka ko ba ta yi ba, kuma babu wadda ke gaya masa dalili. Lambobi muke so.

Awo: duhu, haske, bambanci

Dabarar ita ce a auna sau biyu a jere, fitila a kashe sannan a kunne, a cire na farko daga na biyu. Duk abin da yake nan kafin fitila ta kama ya fita daga lissafi. Ga ɓangaren shirin Arduino da ke yin awon:

```
int auna() {
  long jimla = 0;
  for (int i = 0; i < 20; i++) {
    int duhu = analogRead(A0);
    digitalWrite(8, HIGH);
    delayMicroseconds(300);
    int haske = analogRead(A0);
    digitalWrite(8, LOW);
    jimla += haske - duhu;
    delayMicroseconds(4470);
  }
  return jimla / 20;
}
```

Lambobin nan ba da ka aka zaɓe su ba. Rizista 4.7 MΩ da kafasita 10 pF suna buƙatar kusan µs 250 (µs kaso ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa) kafin fitarsu ta daidaita, shi ya sa ake jiran 300. Kowane zagaye kuma yana cin kusan ms 5 (ms kaso ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa), ashirin ɗin su cika ms 100. A cikin ms 100 wutar gida mai 50 Hz ta yi zagaye biyar cif, mai 60 Hz ta yi shida cif, don haka hayaniyar da suke cusawa tana soke kanta a jimla, ko a wace ƙasa kake.

Ka kira wannan aiki sau ɗaya kowace daƙiƙa biyu, ka tura lamba uku zuwa Serial Monitor, wato tagar da ke nuna saƙon Arduino a kwamfuta: duhu, haske, da bambanci. A rufaffen akwati mai tsabta, duhu ya kamata ya tsaya kusa da 93, domin 0.45 V ke nan. Bambanci kuma ya zama ƙaramar lamba mai natsuwa, amma ba sifili ba. Ɗan hasken da bango ke mayarwa yana da amfani, shi ne shaidar cewa fitilar tana raye. Na'urorin kasuwa ma da shi suke gwada kansu. Guntun MC145010 da aka daɗe ana amfani da shi a cikinsu yana walƙiyar kusan µs 100 duk bayan kusan daƙiƙa 10, kuma sai ya ga hayaƙi sau uku a jere kafin ya yi kuka. Wannan ƙa'idar ta sau uku mu ma za mu ara.

Ka bar na'urar tana awo na sa'a guda a iska mai tsabta. A ce bambancin ya zauna a 40, yana ɗan lilo tsakanin 37 da 43. To iyakar kuka ta zama wajen 55 zuwa 60, wato nesa da lilon sosai. Iyakar yin shiru kuma ta zama ƙasa da haka, kamar 48, don kada jiniya ta riƙa kamawa tana saki idan lamba ta tsaya a bakin iyaka. Idan bambancin ya faɗi ƙasa da rabin abin da aka saba, a ba da ɗan gajeren ƙara na daban, alamar fitila ta mutu ko waya ta tsinke.

Gwajin hayaƙi a yi shi a cikin babban kwali ko tulun gilashi. Ka kunna turaren tsinke ko zaren auduga, ka kashe harshen wutar, ka saka na 'yan daƙiƙu ka fitar, ka rufe, ka kalli lambobin suna hawa. Akwai kuma feshin gwajin na'urar hayaƙi na gwangwani. Kada ka hura hayaƙin kai tsaye cikin akwatin. Kowace na'ura za ta ji wannan, kuma yana barin maiƙo a kan ido. Abin da ake so a sani shi ne ko za ta ji hayaƙin da ya shigo da kansa.

Sai yanzu jiniya. Fozitif ɗinta zuwa 5 V, negetif zuwa kolekta ta BC337 ta biyu, emita zuwa ƙasa, bes ta rizista 1 kΩ zuwa ƙafa ta 9. Dayod 1N4148 a gicciye a kan jiniyar, ɓangaren mai zobe yana kallon 5 V. Kukan gobara da aka amince da shi a ƙa'idar ISO 8201 shi ne ƙara uku na rabin daƙiƙa, da rabin daƙiƙa tsakaninsu, sannan shiru na daƙiƙa ɗaya da rabi, a maimaita.

Idan ta ƙi

Hanyar gyara ɗaya ce: a raba matsalar gida biyu, ta haske ce ko ta lantarki, kafin a taɓa komai.

Idan lamba ta maƙale a sama, kusa da 1023, ka cire fotodayod ɗin gaba ɗaya. Ta dawo wajen 93? To amfilifaya lafiya lau take, laifin na ido ne: ko an juya ƙafafunsa, ko haske yana kwarara ciki. Ido da aka juya a wannan haɗin yana ja wuta daga ƙafa ta 2 kai tsaye, fitar ta buga sama ko a cikin duhu. Ka mayar da shi daidai ka lulluɓe akwatin da bargo mai kauri. Idan lambar ta sauko a ƙarƙashin bargo, ka nemi kafar. Sau da yawa ta bayan ido ce, inda ƙafafunsa suka fito, domin robar jikinsa tana shigo da haske daga baya. Idan kuwa an cire idon amma ba ta dawo 93 ba, ka auna ƙafa ta 3 da mita. Rashin 0.45 V a nan yana nufin an musanya rizistocin 100 kΩ da 10 kΩ ko ɗaya bai taɓa ba.

Idan bambanci sifili ne ko an cika akwatin da hayaƙi, fitila ce abin zargi na farko. Ka sa ta ta tsaya a kunne na ɗan lokaci ka kalle ta da kyamarar waya. Za ta bayyana da launin shunayya mai haske. Kyamarar gaba ta fi nuna ta, domin ta baya a wayoyi da yawa tana da matacin infared. Ko kuma ka auna bolt a kan rizista 39 Ω, ya kamata ka ga fiye da 3 V. Idan babu, ka duba taransistar. BC337, idan shafaffen gefenta na kallonka ƙafafu a ƙasa, jerinta kolekta, bes, emita ne. PN2222A kuwa akasin haka take, emita ce ta farko. Wanda ya musanya ɗaya da ɗaya bai juya ba zai sami fitila mai rauni ko matacciya.

Wadda ta fi cin rai ita ce bambanci babba alhali babu hayaƙi. Dalilai biyu ne ke kawo shi kuma kamanninsu ɗaya. Ka toshe bakin bututun fitila da abin da ka tabbatar infared ba ya ratsawa, ka bar wayarin yadda yake. Idan bambancin ya faɗi, haske ne ke dawowa daga bango: a ƙara shinge, a ƙara fenti, a tura fitilar ciki kaɗan. Idan bai faɗi ba, to ba haske ba ne sam, walƙiyar 88 mA ce ke shiga amfilifaya ta waya. Maganinsa a raba hanyar ƙasa: emitar taransista ta sami wayarta zuwa ƙasan Arduino, anod ɗin ido da ƙafa ta 4 su sami tasu daban, su haɗu a wuri ɗaya kawai. A kuma nisanta wayoyin fitila daga ƙafa ta 2, a tabbatar kafasita 220 µF tana kusa da fitilar. Idan komai daidai ne amma lambar tana da girma har ba ta bar wa hayaƙi wurin hawa ba, a sauya 220 kΩ da 100 kΩ, ninkin ya koma sau 11.

Idan lambobi suna tsalle, musamman in ka kawo hannu kusa, to wayar ƙafa ta 2 ta zama eriya. A nan takardar alminiyom ɗin nan take amfani: a naɗe akwatin da amfilifayar, a haɗa takardar da layin ƙasa, a kula kada ta taɓa wata ƙafa. Ka gwada kuma ba na'urar wuta daga batir maimakon cajar waya. Idan tsallen ya tsaya, cajar ce mai hayaniya. Allon gwaji shi kansa ba abokin rizista 4.7 MΩ ba ne. Danshi da dattin yatsa tsakanin ramukansa suna buɗe wa wuta hanyar da ta isa ta rikita awon nA. Da zarar haɗin ya nuna alamar aiki, a mayar da mataki na farko kan allo da dalma, a wanke ragowar man dalmar da isofurofil (ruwan goge allon lantarki), a bari ya bushe sarai. Kafasita 47 pF a kan rizista 220 kΩ ita ma tana rage hayaniya ba tare da ta rage alama ba.

Idan Arduino yana sake tashi da zarar jiniya ta kama, wutar ba ta isa ba ko an manta da dayod. Idan kuma jiniyar ta kama ta ƙi saki bayan hayaƙi ya wuce, ka duba lambobi: ko hayaƙin ne ya maƙale a akwati, ko kukan ne ke rikita awo. A tsara shirin yadda ba za a yi awo ba sai a cikin shirun daƙiƙa ɗaya da rabin nan.

Idan tana jin hayaƙin da aka hura mata amma ba ta jin wanda ya cika kwali sai bayan mintoci, akwatin ya toshe da yawa. A ƙara kafofi a ɓangarori masu fuskantar juna don iska ta ratsa ta fita. Duk ƙarin kafa kuma sai a sake gwajin bargo.

Tururin ruwa zai sa ta kuka, kuma wannan ba lalacewa ba ce. Ɗigon tururi yana watsa haske kamar hayaƙi, na'ura mai fitila ɗaya da ido ɗaya ba ta da hanyar bambance su. Maganin shi ne nisanta ta daga banɗaki da tukunya.

Sai gusawar da ke zuwa a hankali. Bayan makonni ƙura za ta kwanta a bango, bambancin iska mai tsabta ya riƙa hawa har ya kusanci iyaka. Zafi ma yana taɓa shi, domin hasken LED yana raguwa idan ta ɗumama. Ana iya sa shirin ya riƙa gyara ma'auninsa da kansa, amma a nan akwai haɗari na gaske. Idan gyaran yana da sauri, wutar da ke ci a hankali za ta riƙa ƙara hayaƙi kaɗan-kaɗan, shirin kuma ya riƙa ɗaukar sa a matsayin sabuwar iska mai tsabta, har ɗaki ya cika ba ta yi kuka ba. Gyaran ya zama na sa'o'i masu yawa, kamar lamba ɗaya a sa'a, kuma a sa masa rufi: idan ma'aunin ya ninka na ranar farko, na'urar ta daina gyarawa ta ba da alamar a buɗe a share.

Batun wuta kuma: Arduino Uno yana cin kusan 50 mA ko ba ya komai, batir mai 9 V kuwa abin da ke cikinsa bai wuce wajen mAh 500 ba, don haka ba zai wuce kusan sa'a goma ba. Na'urorin kasuwa suna shekara da irin wannan batir ne saboda barci suke yi tsakanin walƙiya da walƙiya. Wanda ke son kusantar haka sai ya cire guntun ATmega328P, wato ƙwaƙwalwar Arduino, daga allon ya yi aiki da shi shi kaɗai, ya sa shi barci na daƙiƙa 8 da agogon tsaronsa, ya kuma ba amfilifayar da rizistocin ƙafa ta 3 wuta daga ƙafar guntun, a kunna su rabin daƙiƙa kafin awo don kafasitocin su cika.